Tsohuwar da ba ta da mai kai ta, wa zai je ya nemo ta?

Raina a ɓace yake, kuma ba zan yi shiru ba. Sati uku ke nan ina jigilar wata tsohuwa maƙwabciyarmu a nan Kano, daga wannan ofis zuwa wancan, don a sa sunanta cikin tsarin kula da lafiyar marasa galihu. Har yau ba mu ga kati ba.

Goggo muke ce mata. Ta haura saba'in. Mijinta ya rasu tun ban yi aure ba, 'ya'ya biyun da ta haifa duk sun riga ta, ɗan'uwan da ya rage yana kudu, sai shekara ta zagayo ba a ji muryarsa ba. Ɗaki ɗaya gare ta a ƙuryar gidan haya. Ga hawan jini, ga yanar ido, ga gwiwoyi da ba sa ɗaukarta. Ranar da matata ta kai mata koko, ta tarar tana raba ƙwayar magani gida biyu da wuƙar yankan kuɓewa, wai don rabin ya kai ta gobe. Abin da ya tayar da ni ke nan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, a takarda an yi mata tanadi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta kafa asusun masu rauni, kuma ta sa tsofaffi a cikinsu. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, a 2021 aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Amma Goggo ba ta taɓa jin ko ɗaya ba. Rediyonta ta lalace tun bara, waya ba ta da ita, boko ba ta yi ba. To ta ina labarin zai iske ta?

Ofishin farko suka ce sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Muka ɗauki shatar adaidaita sahu, don ba ta iya haɗa kujera da mutane, kuma kowa ya san yadda kuɗin abin hawa ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A wurin rajista muka zauna a benci tun hantsi har aka kira azahar. Da layi ya zo kanta, na'ura ta ƙi ɗaukar yatsunta. Hannun da ya shekara hamsin yana surfe da wankau, zanensa ya goge. Yaron da ke rajistar ya danna, ya goge mata yatsa da tsumma, ya sake dannawa, sannan ya ce, "Baba, ku dawo gobe." Da muka dawo aka ce babu netwok. A zuwa na uku aka tambaye ta ranar haihuwa da lambar waya. Ta dube ni, na dube ta. Ofishin da ake cike fom ɗin kuma a saman bene yake, sai da ni da mai adaidaita muka riƙe ta hagu da dama, tana hawa tana salati.

Ni da nake da ƙarfi da ɗan ilimi na jigata haka. Ina ga tsohon da ba shi da maƙwabcin da zai rufe shago ya bi shi? An zauna a ofis ana jiran mabuƙaci ya kawo kansa, alhali wanda ya fi kowa buƙata shi ne wanda ko bakin titi ba ya iya fitowa.

Kada wani ya ce min ba za a iya bi gida-gida ba. Da idonmu muka gani lokacin rigakafin shan inna: mata sanye da hijabi, riƙe da akwatin sanyi, ba lungun da ba su shiga ba, suna ɗiga wa yara magani suna rubutu da alli a jikin bango. Da haka aka kai ga shelar kawar da nau'in cutar na asali daga Afirka a watan Agustan 2020. Rabon gidan sauro ma har ƙofa ake kaiwa. Ranar zaɓe kuwa, mota aka turo har bakin lungu ta ɗauki Goggo. Ashe an san inda take! A Ostireliya, tun Janairun 2023 gwamnati ke biyan ma'aikata waɗanda aikinsu shi ne nemo tsofaffin da ba su da mai tsaya musu, su taya su cike takardu har su samu kulawa. Mu nan ai nema ma ba zai yi wuya ba. Mai unguwa ya san kowace gwauruwar tsohuwa a unguwarsa, liman ya san dattijon da ya daina fitowa jam'i, ungozoma ta san cikin kowane gida. A ba ma'aikacin lafiya ɗaya babur da na'urar rajista, ya zauna a zauren mai unguwa rana ɗaya a wata, wanda ba ya iya fitowa a shiga a same shi.

Mu ma jama'ar unguwa da laifinmu. Kullum muna bugun ƙirji cewa Bahaushe ba ya yar da tsohonsa, ga shi katanga ɗaya ce tsakanina da Goggo, amma ta fi wata shida tana raba magani ban sani ba. Wannan yana damuna ƙwarai.

Jiya da magariba na leƙa ta. Ta ciro takardun daga ƙarƙashin filo, a naɗe cikin baƙar leda, ta miƙo min. "Ɗan nan, ka bar wahalar da kanka haka, Allah ya yi maka albarka." Na ce, "Goggo, mayar da su ki ajiye. Litinin da sassafe mai adaidaita zai zo."