Jirgin ƙasa mai gangar jikin bas: an bar jaki ana dukan taiki

Ranar 27 ga Nuwamba 2020 wani ɗan tsohon jirgin ƙasa ya taso daga Kirkby ya shigo tashar Manchester Victoria, daga nan kamfanin Northern, mai jigilar fasinja a arewacin Ingila, ya yi sallama da jiragen da ake kira Pacer. Mutanen arewacin Ingila da yawa sun ce Allah raka taki gona. Ni kuwa har yanzu in na ji ana zagin jirgin nan sai in ga an bar jaki ana dukan taiki, abin dariya ma laƙabin da Turawan suka sa masa ke nan, wai jaki mai gyaɗa kai, saboda yadda yake tsalle-tsalle a kan layin dogo.

To wai menene Pacer ɗin? A farkon shekarun 1980 British Rail, kamfanin gwamnati da ke riƙe da duk jiragen ƙasar a lokacin, ba shi da kuɗi, ga tsoffin jiragen dizal na shekarun 1950 sun gaji, ga ƙananan layukan karkara da ba sa kawo riba ana ta maganar a rufe su. Sai aka yi dabara, aka ɗauko gangar jikin bas ƙirar Leyland National aka ɗora ta kan ƙasan da aka tsara don taragon ɗaukar kaya. Shi ke nan fa, jirgi ya samu. Samfurin Class 142 guda 96 aka ƙera tsakanin 1985 da 1987, sai Class 144 guda 23 da kamfanin Walter Alexander ya yi wa jiki. Lissafin da aka yi shi ne su yi shekara 20 kafin a samu kuɗin na kirki.

In ka shiga ciki ba sai an gaya maka asalinsa ba. Ƙofa mai naɗewa irin ta bas, kujeru benci-benci masu ƙarfen riƙewa a sama, lokacin sanyi gilashin taga ya yi gumi har ruwa na gangarowa. Kowane tarago taya huɗu kacal gare shi, babu wannan ƙaramin keken da ke juyawa ƙarƙashin taragon jiragen zamani yana shanye girgiza, don haka duk inda aka haɗa ƙarfen dogo da ɗan'uwansa sai ka ji shi a ƙugunka, in kuma aka zo kwana sai ƙara kamar ana wasa wuƙa. An kai wasu Cornwall, kwanonin can suka fi ƙarfinsu, dole aka kwaso su. Duk da haka kar a manta, da babu gara ba daɗi, akwai garuruwan da jirgin nan mai araha ne ya sa aka ci gaba da tsayawa a tasharsu.

Inda aka yi ɓarnar shi ne 2004. Bayan an sayar wa ƴan kasuwa harkar jiragen a tsakiyar shekarun 1990, an raba ƙasar yanki-yanki ana ba da kwangila. A Disambar 2004 aka haɗe yankin First North Western da na Arriva Trains Northern aka miƙa wa sabon kamfani Northern Rail, haɗin gwiwar Serco da wani reshen kamfanin jiragen ƙasar Holan wanda daga baya ya koma Abellio. Kwangilar da hukuma ta rubuta an gina ta ne kan cewa fasinja ba za su ƙaru ba. Ka ji fa. Yankin da ke da Manchester da Leeds da Liverpool da Sheffield da Newcastle, wani ya zauna a ofis ya ce ba za a samu ƙarin masu hawa ba, saboda haka babu maganar sayen sabon jirgi. Kuma daidai lokacin ne Pacer ke cika shekara 20 ɗin da aka ɗibar masa.

Fasinja kuwa suka ƙaru sosai, garuruwan suka farfaɗo, ma'aikata ke tururuwa safe da yamma. Northern Rail ya riƙe Pacer sama da 100, ga ƴan uwansu Sprinter irin su Class 150 da 156 da 158 su ma duk ƴan shekarun 1980 zuwa farkon 1990. Da aka ja wutar lantarki a layin Liverpool zuwa Manchester a 2015 me aka kawo? Class 319, waɗanda suka gama yi wa Landan bauta a layin Thameslink, an sake musu fenti. Kwance dai. Wannan ya fi komai ƙona ran ƴan arewar, Landan na gina sabon layin dogo na Crossrail na biliyoyin fam su ana aiko musu da gwanjo.

Wani zai ce ai kamfanin ma ba waliyyi ba ne, ya karɓi tallafin gwamnati ya ci ribarsa. Haka ne, ban wanke shi tas ba. Amma a tsarin wancan lokacin kamfanin ba shi ke da jiragen ba, haya yake yi daga kamfanonin ba da hayar jirage, kuma ɗan kasuwan da aka ba kwangilar ƴan shekaru ba zai zuba kuɗinsa cikin abin da zai yi shekara 30 yana aiki ba sai an rubuta masa a takarda. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Hujjata ita ce abin da ya biyo baya. Da aka ba Arriva kwangilar a Afrilun 2016, aka sa sharaɗi ƙarara cewa Pacer ya tafi kafin ƙarshen 2019, nan da nan sai ga odar sabbin jirage 98, da daga baya suka kai 101, daga kamfanin CAF na Sifen, Class 195 na dizal da Class 331 na lantarki. Ashe ana iyawa. Sai dai gyaran shekara goma sha biyu da aka tara ba ya yiwuwa a dare ɗaya: aikin lantarkin layin Bolton na Network Rail, hukumar da ke kula da layukan dogo, ya yi jinkiri, ba a gama horar da direbobi ba, sabon jadawalin Mayun 2018 ya rikice har aka riƙa soke tafiya 165 kullum, layin Windermere ma aka dakatar da shi gaba ɗaya aka koma bas, bas na gaske wannan karon. Ga yajin aikin ƙungiyar RMT ta ma'aikatan sufuri kan batun kwandastoci, ga sabbin jiragen ba su iso kan lokaci ba. Magajin garin yankin Greater Manchester Andy Burnham ya yi ta kiran a ƙwace kwangilar daga hannun Arriva, a Janairun 2020 ministan sufuri Grant Shapps ya sanar, ranar 1 ga Maris gwamnati ta karɓe abinta.

Shi kuwa jakin da aka ce shekara 20 zai yi, sai da ya yi 35, har sai da aka ba shi izini na musamman ya wuce wa'adin dokar sauƙaƙa wa naƙasassu ta Janairun 2020 don babu abin da zai maye gurbinsa. Na farkon samfurin Class 142, mai lamba 142001, yana gidan tarihin jirage na Shildon, wani tarago kuma an kai shi wata firamare a Bradford yara na karatu a ciki.