Shugabancin Hoto: Gare Ku 'Ya'yanmu 'Yan Sakandare a Amurka

Ƙannena da ke Bronx, Harlem, Chicago da sauran biranen Amurka, yau maganata da ɗaci, ku yi haƙuri. A bikin watan tarihin baƙar fata da aka yi a wata sakandare a watan Fabrairu, shugabannin ƙungiyar ɗalibai baƙaƙen fata sun cika dandali, kowa da babbar riga ko kente, ana ta hotuna. Da aka tashi, 'yan mata biyu da malama ɗaya aka bari da naɗe kujeru. Cikin waɗanda suka sulale har da 'ya'yanmu Hausawa. Haba!

Kuna son a kira ku shugaba, ba ku son aikin shugaba. Yaro ya yi aji tara, goma, sha ɗaya bai taɓa leƙa taron ƙungiya ba, sai ya shiga aji sha biyu, lokacin neman jami'a ya ƙarato, ya fito takara don ya sami abin rubutawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar neman shiga jami'a ta Common App tana ba ka gurbi goma na ayyuka, kowanne harafi 150 kacal na bayani, kuma tana tambayar a wane aji ka yi, awa nawa a mako, mako nawa a shekara. Mai dubawa yana ganin wanda ya shekara huɗu yana aiki da wanda ya faɗo wata biyu kafin 1 ga Nuwamba, ranar da jami'o'i da yawa ke rufe karɓar takardun masu nema da wuri. Malamar da ka bari da kujeru kuma ita za ka je wa neman wasiƙar shaida. Me kake so ta rubuta? Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Aikin ai ba ɓoyayye ba ne. Zaure ana neman izininsa makonni kafin biki, ta hannun malamin da ke kula da ƙungiya. Kowane taro da jerin abin da za a tattauna, sakatare ya rubuta wanda ya ɗauki wane aiki da ranar kammalawa, ma'aji ya ajiye rasit ko na dala biyar ne. Tafiya zuwa gidan tarihin baƙaƙen fata na Washington, wanda aka buɗe a 2016, shiga kyauta ne, amma tafiyar kan rushe saboda ba wanda ya bi ɗalibai ya karɓo takardun amincewar iyaye, ba adadi, ba a kama mota ba. Shugaba yana can yana gyara hotonsa a Instagram.

Ga gasar ɗalibai ta ACT-SO, wadda ɗan jarida Vernon Jarrett ya assasa a 1978 a ƙarƙashin NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata: kimiyya, rubutu, zane, waƙa, kasuwanci. Watanni ake yi tare da mai horarwa, sai wanda ya ci zinare a reshen garinsu ke zuwa ta ƙasa. Ga shirin ranar Asabar na cibiyar nazarin tarihin baƙar fata ta Schomburg a Harlem. Ba ku zuwa, don can ba rawani, sai gumi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Wani abin takaicin, wasunku har cewa suke “tarihin akata ne, ba namu ba”, kuma a bakin iyaye suka ji kalmar, wadda ake kiran baƙaƙen fatan Amurka da ita don raini. Girman kai rawanin tsiya. Dokar shige da fice ta 1965, da ta sassauta hanyar da iyayenku suka biyo, a kan guguwar gwagwarmayar mutanen nan ta zo. Nicholas Said, haifaffen Kukawa a Borno, ya shiga rundunar baƙaƙen fata ta 55 ta Massachusetts a 1863. Azikiwe da Nkrumah a jami'ar Lincoln ta baƙaƙen fata suka yi karatu. To ina “ba namu ba”?

Ku dubi sa'o'inku na da. Claudette Colvin tana da shekara 15 ta ƙi tashi daga kujerar bas ta bar wa farar fata a Montgomery, a Maris 1955, wata tara kafin Rosa Parks ta yi haka ta shahara. Ɗalibai baƙaƙen fata tara na Little Rock, a 1957, sai da rakiyar soja suka shiga aji a makarantar fararen fata, ana zaginsu ana tofa musu yawu. Wane muƙami aka naɗa su?

Mu ma a gida, a zango ko a makarantar allo, babban ɗalibi shi ke riga kowa tashi, ya hura wuta, ya biya wa ƙanana karatu, ya kwanta a ƙarshe. Sarkin samari sai an gan shi da fartanya a gayya kafin a ba shi suna. Ku gyara, don Allah, ku ji kunya. Yanzu yaro ɗan shekara 17 ya buga kati da sunansa da “shugaba” a ƙasa, amma ka tambaye shi ranar taro na gaba sai ya ce bari ya duba waya.