Ku gaya wa yaron abin da ke cikin tukunya

Na karanta maganganun da ake ta zubawa a ƙarƙashin bidiyon wata mata a kan wani yaronmu, ɗalibin musaya a Amurka, da ya ƙi cin abincin masu masaukinsa ranar bikin Thanksgiving, kuma wallahi raina ya ɓaci. Wai yaron ya cika tsirfa, wai ya je ƙasar mutane ya ture musu faranti a ranar bikinsu, wai ya ba mu kunya. Har da masu jawo karin maganar nan ta in ka je gari ka ga kowa da wutsiya. Jama'a, yaro ne ɗan sakandare, shi kaɗai a gidan da bai san kowa ba sai watanni uku da suka wuce. An zuba masa ganye, ya kai loma biyu, sannan aka ce masa da ƙafar alade aka dafa. Me kuke so ya yi?

Laifin na wanda ya zuba ne bai yi bayani ba. Duk wanda ya karɓi ɗalibin musaya a gidansa, abu na farko da ke kansa shi ne ya faɗi abin da ke cikin tukunya kafin a kai cokali. Tun 2003 shirin musayar ɗalibai na gwamnatin Amurka mai suna YES ya fara kai yara daga ƙasashe masu Musulmi da yawa, har da Najeriya, su zauna da iyalai a Amurka tsawon shekarar karatu, kuma akwai wasu shirye-shiryen irinsa. Saboda haka maganar ba sabuwa ba ce.

Abin da masu zagin yaron ba su gane ba shi ne, a girkin gargajiyar Amurka ba a tsakiyar tebur alade yake ɓuya ba. Talotalon bikin Thanksgiving, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, kowa yana ganinsa. Matsalar tana cikin ƙananan kwanukan da ke kewaye da shi. Ganyen collard, ɗan'uwan kabeji da ake ci a jihohin kudancin ƙasar, ana barinsa ya yi awa ɗaya zuwa biyu yana tafasa da kyafaffiyar ƙafar alade, sai a tsame ƙashin, ganyen ya fito kamar ba nama a ciki. Haɗin burodin da ake cusawa a cikin talotalo sau da yawa da sosej na alade ake yi. Waken da ake gasawa da sukari irin na Boston da kitsen alade yake tafiya. Burodin masara kuwa, a gidaje da yawa da man alade ake shafe kaskon ƙarfe kafin a zuba ƙullun, kuma garin Jiffy na asali da ake saye a kwali da man alade a cikinsa. Ɓawon fanken kabewa ma wasu da shi suke murzawa. Dankalin Hausa da ake gasawa a rufe shi da farar alawar marshmallow, alawar nan da jelatin, sinadarin da ke sa ta danƙo, ake yin ta, kuma yawancinsa daga fatar alade ake samu. Ina yaro zai ga wannan da ido?

Ga masu cewa to ya karanta kwali mana: dokar Amurka ta tilasta a fito da sunan abubuwa tara da ke tayar wa mutane da rashin lafiya, irin su madara, ƙwai, gyaɗa, alkama, da riɗi da aka ƙara a 2023. Alade ba ya cikinsu. Sai ka bi ƙananan rubutu ka nemi kalmar lard ko gelatin, kuma ba a rubuta daga wace dabba jelatin ɗin ya fito. Ruwan banila da ake ɗigawa a kek, a dokarsu sai ya kai kashi 35 cikin ɗari na barasa kafin a kira shi tsantsa. Wannan aikin mai girki ne, domin shi ya buɗe kwalin.

Masu cewa ya tambaya mana, ku tuna yadda muka rene shi. Yaron da aka koya wa cewa ba a tambayar babba me aka sa a miya, ba a cewa ba na so, ba a ɗaga ido a kalli uwar gida. Kunyar da muke yabonsa da ita a gida ita ta rufe masa baki a can. Ku gaya masa kawai, kwano bayan kwano, kafin a zauna.

Kuma gyaran ba shi da wahala, wannan ne ya fi ci mini rai. A maye ƙafar alade da kyafaffiyar cinyar talotalo, ɗanɗanon hayaƙin nan yana nan, Baƙaƙen Amurka da yawa haka suke yi tuntuni. A shafe kasko da man shanu. A bar alawar, a barbaɗa wa dankalin kirfa. Game da yanka, a tambaye shi ko a tambayi iyayensa, don gidaje sun bambanta: wani yana karɓar yankan Ahlul Kitabi, wani sai na Musulmi. Idan na halal ake so, a yi oda da wuri a shagon nama na Musulmi, ana samunsu sosai a birane irin Dearborn da Minneapolis. Daskararren talotalo yana buƙatar kwana ɗaya a firji ga kowane kilo biyu, wato mai kilo shida kwana uku ke nan. Wanda ya gajarta wannan, waje zai ƙone ciki da jini. A gasa a zafin digiri 165 na Celsius, a soka ma'auni a cinya, sai ya nuna 74 a sauke.

Sannan don Allah a daina fara wa yaro da abin da ya fi nisa da harshensa. Makaroni da cuku a daren farko, ga kofin ɗanyar madara mai sanyi, ga yaron da cikinsa ya saba da kindirmo da nono: kumburin ciki da gudawa na iya biyo baya, kuma kunya ba za ta bari ya faɗa ba. Naman sa da aka yanka ciki jajir, a wurinsa ɗanye ne, a gasa nasa ya nuna sosai. Miyar cranberry, wasu jajayen 'ya'yan itace, mai zaƙi da tsami a kan nama, a sa masa cokali ɗaya a gefe ya ɗanɗana da kansa. A ajiye masa barkono a tebur, ko garin jan barkono na cayenne ko kwalbar ruwan barkono na Tabasco, domin rabin abin da ya sa abincin yake masa lami rashin yaji ne.

A fara da Kudu, nan ne abincin ya san shi. Hoppin' John da ake ci ranar sabuwar shekara a Karolaina ta Kudu shinkafa da wake ne, kuma waken nan mai baƙin ido namu ne, daga Afirka ta Yamma ya tsallaka a zamanin cinikin bayi. Yaron da ya tashi da garau-garau zai gane shi tun daga ƙamshi, in dai an cire aladen. Gumbo na Luwiziyana miyar kuɓewa ce a kan shinkafa, a yi ta da kaza da jatan lande a bar sosej. Grits tsakin masara ne: kofi ɗaya a ruwa kofi huɗu, wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa kamar minti talatin, in aka zuba shi gaba ɗaya ba a juya ba sai ya yi gudaji, daidai da yadda talge yake yi. Tarwaɗa da ake birkima a garin masara a soya. Dafaffiyar gyaɗa da ake sayarwa a bakin titi a Jojiya. A kira shi kicin ya riƙe ludayi, ya ga komai yana shiga da idonsa. Yaron da ya ga abin da aka zuba ba ya tsoron faranti, kuma a nan ne bakinsa zai buɗe ya ce mu ma haka muke yi, sai dai muna sa daddawa.

Baƙonka annabinka muke cewa, kuma na yarda iyalan nan da kyakkyawar niyya suke buɗe ƙofarsu, ba biyansu ake yi ba. Amma niyya ba ta cire alade daga ganye. Bayani ne yake hana abin da ya faru.

Iyaye kuma, tunda magana ta zo nan, ku daina cusa wa yara kilishi da dambun nama a ƙasan akwati. Jami'an kwastan na Amurka ba sa barin nama daga Najeriya ya shiga, kuma duk abincin da aka ɗauko dole a bayyana shi, wanda ya ɓoye aka gano yana iya shan tara tun a filin jirgi. Yajin tsire kuma da ƙuli-ƙuli ake daka shi. Akwai yaran Amurka da ƙwayar gyaɗa ɗaya take kai su asibiti, har wasu makarantu sun hana shiga da ita. Ku ja wa ɗanku kunne kada ya barbaɗa wa kowa a faranti sai ya faɗi cewa da gyaɗa a ciki.