Na sayi jirgin ruwa, na ƙare a jirgin sama

Abin ya samo asali ne daga kallon Rigata, bikin tseren jiragen ruwa, a Yauri. Ina tsaye bakin kogin Kwara ina ganin jirage na tsaga ruwa, zuciya ta ce kai ma fa za ka iya. Ba a yi wata biyu ba na je Wara na jawo wani tsohon jirgin fiba mai ƙafa 19, da tirelarsa da injin Yamaha 40 wanda rabonsa da tashi sai Allah. Na ajiye shi ƙarƙashin mangoron gidana a Yelwa, na lulluɓa masa tampol mai huji ya fi goma, damina guda ta ƙare a kansa.

Da kaka ta yi na ce gyara ya tashi. To akwai tsaga a cikinsa ta ƙasa, daidai inda ya hau kan robar tirela, hannu ba ya kaiwa, dole sai an ɗaga shi an matsar da shi baya kamar ƙafa biyu. Na kwana uku ina kallon wani bature ɗan Amurka a YouTube yana yin irin aikin shi kaɗai yana fito, na ce yo wannan ai wasan yara ne. Kayan aikina kuwa: jak ɗin mota, bulo shida, tsofaffin tayoyi, da samari huɗu na majalisarmu da na yi wa alkawarin shayi da indomi.

Gaskiya ba komai na ɓata ba, a rubuta min wannan. Mun sauke injin, wanda ya kai kilo 70, mun cire tankin mai, na kuma sa faffaɗan katako tsakanin jak da jikin jirgin don kan jak ɗin ƙarami ne, huda fiba yake yi.

Muna cikin haka maƙwabcina ya leƙo, wani dattijo Basarke, cikin Sarkawa masunta, da ke kan ruwa tun kafin dam ɗin Kainji ya cika a 1968. Ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa gindinsa da sanda ya saurara.

"Ɗana, wanga jirgi ka bar shi ya yi fitsari tukuna?"

Samari suka kwashe da dariya, ni ma na yi, na ce Baba ai ba jariri ba ne. Ya ce to madalla, ya ja kujera ya zauna a inuwa ya ɓare goro. Tun a nan ya kamata jikina ya ba ni.

Motar da za a maƙala wa tirelar ƙanina ya tafi Koko da ita, sai dabara ta zo min, na ce ni zan zauna a kan hancin tirelar in danne, ku tura jirgin baya. Ni ɗin nan da ko iska mai ƙarfi ba na wasa da ita. Waigi kuma babu wanda ya tuna ya sa wa tayoyin tirelar.

Ɗaya, biyu, uku, hoɓɓasa! Jirgi ya matsa. Sai na ji wani ƙulululu a cikinsa kamar cikin mai gudawa. Ashe jirgin fiba daɓe biyu gare shi, ruwan damina duk ya sulale ya kwanta a ƙarƙashin daɓen da muke gani a bushe, ana ɗaga gaba ya kwarara baya gaba ɗaya, nauyi ya tsallake tayoyin tirela, bulo biyu suka rugurguje (bulon zamani, yashi ne aka nuna wa siminti daga nesa), gindin jirgi ya dira kan tayoyin da muka shimfiɗa, hancin tirela ya yi sama da ni. Kafin in gama salati kaina na cikin ganyen mangoro, jallabiyata ta sarƙe a hannun winci, abin jawo jirgi kan tirela, tirela kuma ta gangara a hankali ta je ta murƙushe akurkin uwargida. Kaji suka watse, samarina ma haka, ban da ɗaya da ya tsaya ya ciro waya.

Ba wani nisa ba ne fa, bai fi tsayin mutum da ɗoriya ba, amma ku hau ku gani.

Uwargida ta fito da ludayi a hannu, ta dubi akurki, ta ɗaga kai ta dube ni. "Baban Ummi, saukowa za ka yi ko in miƙo maka tuwon can?"

Baba bai ce uffan ba. Ya tashi ya je bayan jirgin ya murɗe wata 'yar toshiya da ban taɓa lura da ita ba, ruwa ya tsinke. Yara suka kawo jarka mai lita 25 suna tara, sai da ta cika sau bakwai. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ku yi lissafin da kanku, buhun siminti uku da rabi ke nan nake gardama da su. Ruwa na raguwa ina saukowa, sannu sannu, gaban jama'ar unguwa da suka cika ƙofar gida har da masu yi min barka da sauka.

Washegari aka yi aikin yadda Baba ya ce. Aka ɗaure gindin jirgin da igiya a jikin mangoro, aka tokare shi da katako ba bulo ba, aka maƙala tirelar a mota aka ja ta gaba kaɗan kaɗan, jirgi na tsaye inda yake. Minti goma. Da na gama like tsagar aka mayar da shi, Baba ya sa na ɗaga hancin tirelar da hannu, ya ce in ya ɗagu da nishi ya zauna daidai, in ya ɗagu ba nishi to nauyi ya koma baya, a kan titi rawa za ta yi.

Bidiyon ya riga ya shiga gurup ɗin danginmu na WhatsApp, har Kawu da ke Birnin Kebbi ya kira yana tambayar nawa ne kuɗin tikiti. Yaran unguwa yanzu Kyaftin suke ce min, kuma uwargida ta ce ba jirgin da zai ga ruwa sai an biya ta akurki da zakaran da har yau bai dawo ba.