A ɗauki hoton gini kafin a sa masa hannu

A shekarar 1851, shekara 12 kacal da bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto, hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Faransa ta ɗauki masu hoto biyar aiki. Ta raba musu ƙasar yanki-yanki, ta ce su je su ɗauko mata tsofaffin majami'u da gadoji da fadoji. Kyamarar lokacin sai ta yi mintuna a buɗe kafin hoto ya kama. Mai tafiya a titi ba ya fitowa, gini kuwa da ba ya motsi ya fito tsaf, har da tsagar da ke jikin bango.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilinsu: suna shirin gyara, suna son shaidar yadda gini yake kafin magini ya taɓa shi. Biyu daga cikin masu hoton, Gustave Le Gray da Auguste Mestral, sun ɗauki ganuwar birnin Carcassonne da ke kudu. A 1853 masanin gine-gine Viollet-le-Duc ya fara gyara ta, daga baya ya ɗora wa hasumiyoyinta rufi mai tsini da wasu masana suka ce salon arewacin ƙasar ne. Yau mai son bambance tsohon gini da ƙarin mai gyara, waɗancan hotuna yake komawa. Gyara na iya cinye tarihi kamar yadda damina ke cinye katanga, sai dai shi da kyakkyawar niyya yake zuwa, shi ya sa ba a cika tuhumar sa ba.

Inda hukumar ta gaza: hotuna sama da 250 da aka kawo mata ta kulle su a ma'ajiya, ba ta buga wa jama'a ba.

Ginin ƙasa ya fi na dutse bukatar irin wannan shaida, domin kowane yaɓe na sauya masa kama. A Jenne ta ƙasar Mali, Edmond Fortier ya ɗauki hoton kangon tsohon masallaci a 1906, kafin a gina wanda ake alfahari da shi yanzu a 1907. Duk mai muhawara kan ko sabon ya bi sawun tsohon, dole ya duba hoton nan.

A nan gida, an rushe Ƙofar Na'isa ta Kano a 2010 don faɗaɗa titi. A Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta har aka rasa rayuka. Wayoyinmu cike suke da hotunan irin waɗannan wurare, amma mafi yawa mu ne a gaba, ginin na baya. Wanda zai amfani magini shi ne hoton kowace kusurwa, da bakan gizo da zanko da azara, da ma'auni da kwanan wata. Ya kamata hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da masarautu su sharɗanta shi kafin a amince da duk wani gyara ko rusau, a kuma ajiye shi inda ɗalibi da magini za su iya gani.