Zari-ruga: tafiya waje na iya raba ɗan wasa da rigar ƙasarsa

Masu kallon ƙwallon ƙafa kan ɗauka ɗan zari-ruga ma zai iya bugawa kulob a Turai, ƙasarsa ta ci gaba da kiransa. A New Zealand ba haka ba ne: sai mai kwantiragi a gida ake saka wa baƙar rigar All Blacks, tawagar ƙasar, don kada kuɗin Faransa da Japan su kwashe musu gwanaye.

Dan Carter ya buga wa ƙasarsa wasa 112, ya ci maki 1,598, yana kulob ɗin Crusaders na New Zealand. Da ya ɗaga Kofin Duniya a 2015 ya koma kulob ɗin Racing 92 na Faransa, shi ke nan bai sake buga wa ƙasarsa ba. Zuwansa kulob ɗin Perpignan na Faransa a 2008 da izini na musamman ne, wasa biyar kacal jijiyar agararsa ta tsinke.

Afirka ta Kudu kuwa ta ɗauko Faf de Klerk daga Sale ta Ingila, ta lashe kofin 2019.