Contra ɗin da muka buga suka kira jabu

Mako uku ke nan da wani abokin aikina Bajamushe ya gaya min wata magana a ɗakin ƙasa na gidansa, kuma har yau ta ƙi barin raina. Ba da mugun nufi ya faɗe ta ba, na sani. Amma ta yi min zafi, kuma ita ce ta sa na koma na buga gem ɗin Contra daga farko har ƙarshe bayan fiye da shekara 20 rabona da shi.

Sai na fara kwatanta muku ɗakin. Yawancin gidajen nan Jamus suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, inda ake ajiye injin wanki da kekuna da tarkace. Shi nasa ya mayar da shi ma'ajiyar tsofaffin gem. Bango uku duk kantoci ne daga ƙasa har rufi, kowane kaset yana cikin kwalinsa na asali, kowane kwali kuma yana cikin wata rigar roba mai haske don kada ƙura ta taɓa shi. Akwai wata ƙaramar na'ura a lungu tana ta gunji, aikinta tsotse laima daga iska saboda kada kwalayen su yi taushi. Fitilun ma ya zaɓo irin waɗanda ba sa koɗar da launi. Ga tsohuwar talabijin mai ƙaton baya da ya ce da ƙyar ya samo ta, domin hoton waɗannan wasannin ba ya fita yadda ya kamata a kan shafaffun talabijin na yanzu. A gabanta akwai kujera guda ɗaya. Sai da ya haura sama ya ɗauko min wata.

Da ya tambaye ni wane gem na fi so ina yaro, ban ko yi tunani ba na ce Contra. Ya yi murmushi, ya wanke hannu, ya zaro wani kwali da aka rubuta Probotector a kai. Ya kunna. Kiɗan nan da na sani ya tashi, dajin nan ya bayyana, gadar nan da ke fashewa a ƙarƙashin ƙafarka tana nan. Amma wanda ya diro daga sama ba sojan nan mai shuɗin wando da ɗaurin kai ba ne. Mutum-mutumi ne na ƙarfe. Na ce masa ai namu mutane ne, kuma da rubutun Japananci yake buɗewa. Ya tambaye ni a kan wace na'ura. Na kwatanta masa, kun dai san ta, na'urar nan da aka kwaikwayi ta kamfanin Nintendo, kun kuma san kaset ɗin da ke cewa yana ɗauke da wasanni ɗaruruwa. Sai ya ce, cikin natsuwa irin tasu: "To ai kai ba ka taɓa buga na gaskiya ba. Jabu ka buga."

Na yi shiru. A jirgin ƙasa ina komawa gida nake ta jujjuya maganar.

Ga yadda tarihin yake. Kamfanin Konami na Japan ne ya fitar da Contra a 1987 a matsayin gem na manyan akwatunan da ake jefa wa kwabo, sannan a 1988 ya fito a kan na'urar gem ta gida ta Nintendo, wadda ake kira Famicom a Japan da NES a Amurka. Labarinsa na asali a shekarar 2633 yake, a wasu tsibirai da ake kira Galuga kusa da New Zealand, inda sojoji biyu, Bill Rizer da Lance Bean, suka je murƙushe wata runduna mai suna Red Falcon, suka tarar halittun wata duniya ne ke juya ta. Amurkawa sun sauya labarin a littafin da ke cikin kwalinsu, suka dawo da shi zamaninmu, suka kai shi Kudancin Amurka. Turai kuwa sai 1990 ya iso musu a kan NES, da sabon suna Probotector, an cire mutanen an sa mutum-mutumi biyu masu lamba maimakon suna, RD008 da RC011. Yawancin abokan gaba ma an mayar da su ƙarfe. Dalili shi ne dokar Jamus ta kare yara daga abin da ke nuna kisan mutane. Akwai hukumar da ke sa irin waɗannan a wani jeri, kuma duk abin da ya shiga jerin ba a tallarsa, ba a baje shi a fili, ba a sayar wa yaro. Tun 1984 suka sa River Raid a ciki, wasan jirgin sama ne kawai. Ko Half-Life da ya fito a 1998, sojojin cikinsa mutum-mutumi aka mayar da su a bugun Jamus.

Wato shi da ke riƙe da kwali na asali da takardarsa, wasan da aka yi wa kwaskwarima ya buga duk yarintarsa. Mu da muka buga jabu, mutanen da masu wasan suka zana da hannunsu muka gani. Ban faɗa masa haka a lokacin ba, sai a jirgi amsar ta zo min.

Ba zan zalunce su ba. Ƙasar da ta ga abin da Jamus ta gani a yaƙin duniya na biyu tana da hujjar jin tsoron duk abin da zai sa yaro ya ɗauki harbin mutum wasa. Na kuma yarda satar fasaha sata ce, mutanen da suka kwana suna rubuta wannan gem ba su ga ko sisi daga kaset ɗinmu ba. Kuma ba don irin abokin nan nawa masu adana abu ba, da yawancin waɗannan wasanni sun ɓace. Namu kaset ɗin ban san inda ya ƙare ba. Duk na yarda. Amma kalmar "na gaskiya" ce ban yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba.

Da na isa gida na sayi tarin da Konami ya fitar a 2019, Contra Anniversary Collection, wanda ke da bugun Japan da na Amurka duka. Na fara da na Japan, wanda aka sa wa kaset ɗinsa wani ƙarin guntu na musamman, shi ya sa bishiyoyin dajin ke kaɗawa, dusar ƙanƙara ke zuba a mataki na biyar, kuma ana nuna taswira tsakanin mataki da mataki.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne hannuna bai manta ba. Sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. In ka danna maɓallan a haka kafin a fara, sai ka sami rai 30 maimakon 3. Wani ma'aikacin Konami, Kazuhisa Hashimoto, shi ya ƙirƙiro wannan sirri lokacin da yake aikin wani gem mai suna Gradius a 1986, domin wasan ya yi masa wuyar gwadawa. Ya rasu a 2020. Mu dai Yaya ne ya koya mana, kuma a lokacin mun ɗauka shi ya gano shi da kansa.

Wasan bai tsufa ba, kuma dalilin a maɓalli yake. Ka danna, ya yi tsalle nan take. Kana iya juya shi a cikin iska, kana iya harbi ta fuska takwas, kana iya kwantawa harsashi ya wuce ta samanka. Harsashi ɗaya ke kashe ka, babu wani ma'aunin jini da ke raguwa a hankali, amma duk mutuwar da ka yi ka san laifinka ne, ka ga abin yana tahowa. Wasannin yanzu sai su ɗauki minti 20 suna koya maka yadda ake tafiya. Contra ya jefa ka daji ya sako maka mutane. Cikin daƙiƙa 10 ka gane komai.

Sai bindigogi. M mai ruwan harsashi, L mai haske, F mai wuta tana juyi, da kuma S, wadda ke watsa harsashi biyar kamar an buɗe tafin hannu. A nan ne laifin wasan na farko yake, domin S ta fi sauran nesa ba kusa ba. L kuwa in ka yi saurin dannawa sai ta yanke harbin farko ta sake sabo, ga mai firgici ba ta da amfani. Idan kana da S, rabin wasan ya koma gudun kada ka taɓa wata bindigar bisa kuskure. Matakai na biyu da na huɗu, inda kake kallon bayan sojanka yana kutsawa cikin sansani, sun burge mutane a 1988, yanzu kam su ne suka fi gundura. Idan abubuwa suka yi yawa a allo hoton yakan yi ƙyaftawa. Kuma gajere ne, matakai 8 kacal, wanda ya iya zai gama cikin rabin awa, gwanayen duniya kuma wajen minti 10. Amma daga mataki na shida zuwa ƙarshe, da harsunan wutar nan da ke fitowa daga bututu, da faratan ƙarfen da ke sauka daga rufi, har zuwa ƙatuwar zuciyar da ke bugawa a ramin halittun, ban ga inda za a gyara ba.

Na gama shi a daren. Tarin yana ba ka damar ajiye wasa a duk inda ka so, ban yi amfani da ita ba. Tsibirin ya fashe, jirgi mai saukar ungulu ya tashi, sunayen Japanawa suka fara hawa. Na zauna ina kallo, ban ji abin da nake tsammanin ji ba.

Sai da na koma mataki na uku na gane dalili. Shi ne na magangarar ruwa, inda ba gaba ake tafiya ba, sama ake hawa daga dutse zuwa dutse. In kai kaɗai ne, mataki ne mai sauƙi. In ku biyu ne, allon yana bin wanda ya fi sauri, duk wanda aka bari a ƙasa kuma ya mutu, ba harsashi ba komai, ɗan'uwansa ne ya kashe shi da gaggawa. Ni ne mai jan wando, mai riƙe hannu na biyu, wato abin dannawa na ɗan wasa na biyu, kuma ni ne mai jinkiri. Yaya yakan hau dutse ɗaya ya tsaya, duwatsu na gangarowa ta kansa, yana harbi sama yana cewa, "Hawo mana, ina jiranka." Ya fi ni iyawa sau goma, zai iya wucewa cikin minti biyu, amma yakan tsaya. Idan raina ya ƙare kuma, wasan ya yarda in ɗauki nasa. Sai in kalle shi in ce, "Yaya, in ɗauka?" Wani lokaci ya yi tsaki, wani lokaci ya ce, "Ɗauki ɗaya, amma ka tsaya a bayana." In S ta faɗo tsakaninmu, akwai ranar da yakan ja baya ya bar min ita ba tare da ya ce komai ba.

Wannan duka yana cikin Probotector ma, ba a cire ba. Na tambayi abokin aikina washegari ko da wa yake bugawa yana yaro. Ya ce shi kaɗai, a ɗakinsa, domin tun yana shekara 8 yake da ɗakinsa da talabijin ɗinsa. Ya faɗe shi da jin daɗi, a matsayin gata, kuma gata ne. Hannu na biyu na na'urar tasa har yau igiyarsa a naɗe take yadda ta fito daga kamfani, ya nuna min, yana alfahari da cewa ba ta da ko ƙwarzane. Namu hannun na biyu maɓallin B ɗinsa ya lotsa har sai ka sa farce.

Ina ganin wannan abin a ko'ina a nan, ba a gem kaɗai ba. Yaran maƙwabtana kowa da allonsa, kowa da abin jin sauti a kunne, suna buga wasa da mutanen da ba su taɓa gani ba, ƙanensu na ɗaki na gaba. Komai a tsare, komai na asali, komai da takardarsa. Za ku ce a gida ma yanzu waya ta raba kan yara, kuma na sani. Amma ku aƙalla kun san abin da ake nufi da jiran layi a karɓi hannu, da mutum shida suna ihu a kan mutum biyu. Wanda ya zana magangarar nan ya zana ta ne domin mutum biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa, waɗanda za su iya zungurar juna. Duk wanda ya buga ta haka ya buga Contra na gaskiya, ko daga ina kaset ɗinsa ya fito. Abokina yana da kwalin, amma rabin wasan bai taɓa gani ba.

Ranar Lahadi na kira Yaya. Shekara 4 rabon da mu haɗu ido da ido, kuma yawancin wayarmu ba ta wuce gaisuwa da tambayar yara. Na ce, "Yaya, ka tuna lambar rai 30?" Ya yi shiru kaɗan, sai na ji yana karantowa, sama sama ƙasa ƙasa, har ƙarshe, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya ƙara da cewa, "Kar ka manta Select kafin Start, in ba haka ba mutum ɗaya zai ba ka." Na manta da wannan ɗin kam, domin ni ban taɓa riƙe hannu na ɗaya ba. Muka yi kusan awa guda a waya. Kafin mu ajiye ya tambaye ni yaushe zan zo, na ce ina sa ran ƙarshen shekara in Allah ya yarda, ya ce in taho da hannu biyu.